Sitiyarin mai ko na lantarki: abin da tafin hannuna ya gaya mini

Shekara huɗu ke nan ina tuƙa Nissan 370Z, kuma sitiyarinta irin na dā ne, mai aiki da mai, wato man sitiyari, ba fetur ba. Fambel ke juya famfo, famfo ya tura mai ta cikin tiyo, man ya taimaka wa hannu wajen murɗa tayoyin gaba. A watan jiya wani aminina ya ba ni aron sabuwar motarsa mai sitiyarin lantarki na kwana tara, na je Jos da ita na dawo.

Gaskiya a cikin gari ta burge ni. Wajen fakin da ɗan yatsa ɗaya za ka juya ta, kuma babu wannan kukan famfo da duk mai tsohon tsari ya sani idan mai ya yi ƙasa. Ƙaramin injin lantarki ne ke aikin, kwamfuta na auna ƙarfin da hannunka ya sa, sai lokacin da ka murɗa yake jan wuta sosai. Shi kuwa famfo, muddin inji na tashe yana juyi, ko da miƙe kake tafiya, fetur kuma na tafiya tare da shi.

Amma a Hawan Kibo, a hanyar Jos, na gane abin da na bari a gida. An yi yayyafi, kwalta ta jiƙe, ga tsakuwa da manyan motoci suka zubar a bakin wata kwana. A tawa motar, da tayar gaba ta taka irin wannan wurin sitiyari zai ɗan saki a hannuna, kamar igiyar guga idan ta fara sulɓewa, sai ƙafata ta ɗaga daga totur tun kafin in yi tunani. A wannan kuwa nauyin sitiyarin bai canja ba ko kaɗan. Motar ta sha kwanar lafiya lau, ta bi daidai inda na nuna mata, ba ta yi laifin komai ba. Sai dai idona ne ya ga tsakuwar, hannuna bai ji ta ba. Na danna maɓallin da ke ƙara wa sitiyari nauyi, ya yi nauyin kuwa, amma nauyi daban, labarin hanya daban.

Ba ni kaɗai ke wannan kukan ba. Lokacin da Porsche ta fito da 911 samfurin 991 a 2011 da sitiyarin lantarki, masoyanta sun daɗe suna muhawara, haka ma da BMW ta yi wa M3 a 2014. Ita ma Nissan, Z ɗin da ta gaji tawa sitiyarinta na lantarki ne. Dalilin komawarsu ga na lantarki a fili yake: na'urorin da ke riƙe mota a layinta ko su yi fakin da kansu, sai da sitiyarin da kwamfuta za ta iya murɗawa. Duk da haka Lotus ta bar na mai a Emira, McLaren ma ta riƙe shi a 720S, sai dai famfonta lantarki ke juya shi.

Wanda zirga-zirgarsa cikin gari ce, ya ɗauki na lantarki hankalinsa kwance. Ni dai da na mayar wa aminina mukullinsa, kai tsaye wajen bakanikena na wuce, na ce ya juye tsohon man sitiyarin ya zuba sabo, ya kuma duba mini tiyo ɗaya bayan ɗaya.