Legas ko Fatakwal: amsa ga ɗan'uwanmu na Daura

Wani ɗan'uwa daga Daura ya yi tambaya jiya: yana sayar da kayan gwari, yana son ya koma bakin teku da iyalinsa, shin Legas ta fi ko Fatakwal? To ƙanena, ka fara duba abin da ya gina kowane gari, domin shi zai nuna maka inda kuɗi ke zagayawa.

Legas ciniki ne ya haife ta. Tun kafin Turawan Ingila su karɓe ta a 1861, tsibirin Eko kasuwa ne mai sarkinsa. Ta zama babban birnin ƙasa a 1914, ta riƙe har Disamban 1991 da aka koma Abuja, kuma tafiyar gwamnati ba ta rage mata komai ba. Abin da ya shafe mu shi ne layin dogo da ya haɗa ta da Kano wajen 1912. Shi ya kwashi fatake da 'yan goro da masu shanu ya sauke su Agege, inda ake da zango da Sarkin Hausawa. Yau a Agege za ka ga gidan da jikoki da tattaɓa-kunne duk a can aka haife su, Yarbanci a bakinsu kamar ruwa. Ga Idi-Araba, ga uwa-uba Mile 12, inda motocin tumatir da albasa da tattasai daga Arewa ke sauke kaya dare da rana. Mai sana'arka ba zai rasa wanda zai karɓe shi ba.

Fatakwal kuwa Turawa ne suka zana ta a 1912, a ƙasar Ikwerre, don a samu tashar fitar da kwal na Inugu. Gwamna Lugga ya raɗa mata sunan Lewis Harcourt, sakataren mulkin mallaka na lokacin. Ba ta yi girman kirki ba sai da aka samu man fetur a Oloibiri a 1956, aka fara fitar da shi a 1958, aka gina matatar Alesa-Eleme a 1965. Shi ya sa kasuwarta ke numfashi da kamfanonin mai: in ana kwangila, mai saye ba ya tsayawa dogon taya, in abu ya lafa, kowa ya ji a jikinsa. Akwai mutanenmu a kasuwannin Mile 1 da Mile 3, amma tushensu bai kai na Agege zurfi ba.

Wajen zama, Legas ta fi cin mutum. Kuɗin hayar shekara a dunƙule, ga na ejan da na takarda a kai, ɗakin kuma bai kai rabin zauren gidanku ba. Sai gosulo, wanda ko gadar Third Mainland ta 1990 mai kusan kilomita 12 ba ta kashe ba. Idan kana lissafin taɓa acaɓa kafin kasuwa ta kankama, ka sani an hana shi a manyan sassan birnin tun 2022. Fatakwal ba ta kai nan matsi ba, sai dai ruwan sama: ya ninka na Katsina fiye da sau uku, kuma albasa ba ta shiri da laima. Daga 2016 mutanen garin sun sha fama da baƙin hayaƙi da ke sauka kan tufafi da cikin hanci, abin dubawa ne ga mai ƙananan yara.

A ganina Legas ta fi dacewa da kai, sai fa in kana da maigida tsayayye a Fatakwal da zai ba ka rumfa da abokan ciniki. Kuma kada ka ɗauki uwargida da yara a tafiyar farko. Ka bi motar kaya kai kaɗai, ka yi damina guda a wurin 'yan gari, ka ga unguwar da ruwa ke shiga ɗaki kafin ka biya haya.