Dillalin Rancen Gida a Ingila: Wanda Ya Cancanci Kuɗinka da Wanda Za Ka Gudu

Mai neman rancen sayen gida a Ingila ya sani cewa dillali yana samun la'ada daga bankin da ya ba da rancen, ko ka biya shi ko ba ka biya ba. La'adar takan kai kashi 0.35 zuwa 0.4 cikin ɗari. A rancen fam 200,000, fam 700 zuwa 800 ke nan. Don haka duk dillalin da ya nemi ƙari daga aljihunka, sai ya nuna maka aikin da zai yi.

Zuwa banki kai tsaye ba ya cin ko sisi, amma hajarsa kaɗai zai tallata maka. Dillalan da ba sa karɓar kuɗi, irin su L&C, sun isa ga mai albashi tsayayye da takardar zaman dindindin.

Yawancin 'yan'uwanmu kuwa ba haka suke ba. Wani bizar aiki gare shi, wani shekararsa biyu kacal a ƙasar, wani rabin samunsa daga aikin ƙarin lokaci yake. Wani kuma tsarin da babu kuɗin ruwa yake nema, irin na Gatehouse Bank, wanda ba kowane dillali ya iya shi ba. A nan dillali mai ƙayyadadden kuɗi, kamar fam 300 zuwa 500, wanda ke duba bankunan kasuwa gaba ɗaya, ya fi kowa. Ya san bankin da ke karɓar mai biza, da wanda zai nemi kafin alƙalami mai yawa. Wannan sanin shi kake saye, domin kowace cikakkiyar buƙata da aka shigar tana barin tabo a tarihin bashinka, kuma idan suka yi yawa banki na gaba zai yi ɗari-ɗari da kai. Sharaɗi ɗaya: a rubuta cewa sai banki ya ba da takardar amincewa za ka biya.

Mai cewa a ba shi kashi ɗaya cikin ɗari na rancen, ka wuce shi.

Yanzu ga macuta. Kafin ka miƙa fasfo ko takardar albashi, nemi sunan kamfanin a rajistar FCA, hukumar da ke sa ido kan kamfanonin hada-hadar kuɗi a Birtaniya, ka kira lambar wayar da ke rajistar, domin akwai masu satar sunan kamfanonin gaske. Kada ka tura kuɗi asusun da ke da sunan mutum maimakon na kamfani. Mafi haɗari shi ne mai cewa zai "gyara" maka takardar albashi ko bayanan asusu. Zamba ce, kuma sunanka ne a takardar. Idan aka gano, za a iya saka ka a kundin Cifas, inda ake ajiye sunayen waɗanda aka samu da zamba, har shekara shida, inda buɗe asusun banki ma zai zama wahala.

Karanta takardar ESIS, wato takardar bayanin sharuɗɗan rancen da za a ba ka, da kyau, la'adar dillali tana ciki. Idan rigima ta tashi, kamfani yana da mako takwas ya amsa kokenka, daga nan ka kai ƙara Financial Ombudsman Service, hukumar sasanta rigima tsakanin jama'a da kamfanonin kuɗi, kyauta.