Akwatin jera magani na mako: ra'ayina bayan na saya wa mahaifiyata

Ɗan akwatin roba ne mai gida 14, safe da yamma na kwana 7, kowane gida da murfinsa. Mahaifiyata tana shan maganin hawan jini da na suga, kuma a da kullum sai an yi musu kan ko ta sha na safe. Yanzu buɗe murfi kawai take yi ta gani. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya sauya mata rai: ganin gidajen suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya yana ƙara mata ƙwarin gwiwa, har ta rage kiran kanta majinyaciya.

Murfin yana da tauri ga mai ciwon yatsu, rubutun ranakun kuma ya fara gogewa da wuri.

Babban aibinsa dai, yana raba ƙwaya da kwalinta, alhali a jikin kwalin ne ake samun lambar rukuni (wadda ke nuna zubin da aka haɗa maganin a masana'anta) da ranar lalacewa. A 2018 an janye wasu rukunan valsartan, wani maganin hawan jini, daga kasuwa saboda gurɓacewa da sinadarin NDMA da ake zargin yana iya jawo ciwon daji, kuma da wannan lamba mai shan sa zai gane ko abin ya shafe shi. Shi ya sa nake ajiye kwalayen har maganin ya ƙare. Wasu magungunan ma, irin su dabigatran mai hana jini daskarewa, ba a cire su daga mazubinsu saboda danshi, don haka a tambayi mai harhaɗa magani kafin a jera.