Raba kalanda ta adireshin iCal na Google: ga jadawalin mako ta yi, ga kamun ɗaki ba ta yi ba

Google Calendar tana ba kowace kalanda adireshin sirri mai ƙarewa da .ics. Duk wanda ya liƙa shi a manhajarsa, ko Outlook ce ko ta Apple, zai riƙa ganin abin da ka rubuta ko da ba shi da asusun Google. Tsarin iCalendar ne (iCal a taƙaice), wato tsarin musayar kalanda tsakanin manhajoji, tun 1998 ake amfani da shi, kuma ba a biyan ko kwabo.

Sai a kwamfuta ake haɗawa. Buɗe kalanda dabam ta aiki, misali "Ranakun lodi", kada ka raba taka ta kanka. Shiga saituna, gangara zuwa "Integrate calendar", kwafi "Secret address in iCal format". Mai karɓa a Google ya danna alamar ƙari kusa da "Other calendars", ya zaɓi "From URL". Manhajar waya ba ta da wannan wurin, kuma a Android sau da yawa sai an kunna "Sync" kafin kalandar ta fito.

Babban aibinta jinkiri. Ba kai ke tura canji ba, manhajar mai karɓa ce ke zuwa ta duba in lokacinta ya yi. Google kan ɗauki awanni da yawa, wani lokaci har kwana guda, kuma babu maɓallin da zai sa ta hanzarta. Outlook na intanet ma yana ɗaukar awanni. Kalandar Apple a Mac ce ta fi, domin kana iya sa ta duba duk minti 5. To ka ga, in da safen nan ka mayar da lodin ƙarfe 10 zuwa ƙarfe 2 na rana, direba zai iso ƙarfe 10 yana nuna maka wayarsa, kuma gaskiyarsa. Masu hayar ɗakin taro ko masauki su yi hattara, a cikin wannan tazarar ne ake ba mutum biyu rana ɗaya. Amma ga jadawalin masu gadi, ranakun hutu da ranar biyan albashi, ba mu ga abin kushewa ba.

Mai karɓa kallo kawai yake yi, ba ya iya gyarawa. Sai dai adireshin kansa shi ne makulli: in ya faɗa zauren WhatsApp, kowa zai ga sunayen abokan ciniki da duk bayanin da ka sa. Ma'aikaci ya bar aiki? Danna "Reset". Tsohon adireshin zai mutu ga kowa da kowa, dole ka sake raba sabon.

Wasu kan sauke fayil ɗin kalandar su shigar da shi ta "Import". Wannan kwafi ne na ranar, ba zai ƙara motsi ba. A kuma duba cewa lokacin kalandar na Legas ne, musamman in akwai abokin hulɗa a Landan, inda suke sauya agogo a watan Maris da Oktoba.