Na ci kawa a wani gidan gashi a Lekki, ga ra'ayina

Jama'a ranar Asabar ƙanwata ta ja ni wani ɗan gidan gashin kayan ruwa a Lekki wai sai na ɗanɗana kawa, wannan halittar mai ɓawo biyu da ke manne a saiwoyin itatuwan bakin lagun, wato babban tafkin nan na Legas. Da farko na ƙi, ta ce haba Yaya ai a Malikiyya duk abin cikin ruwa halal ne, sai na zauna.

Abin da ya fara kama min hankali, yaron da ke gashin kafin ya ɗora kowace a wuta sai ya ƙwanƙwasa ta da bakin wuƙa, wadda ta rufe baki gam ya gasa, wadda ta tsaya a hangame ya wurga bokiti don ta mutu ke nan. A gabana ya zubar da guda uku bai yi ƙyashi ba wallahi.

Ya ce za a kawo min ɗanya da lemun tsami ne yadda wasu ke so, ƙanwata ta ce a'a Malam a gasa mana sosai. Ita kimiyyar halittun ruwa take karanta, ta ce kawa tace ruwa take yi wuni guda, duk dattin da ke ciki sai ya bi ta jikinta, kuma a jininta akwai wasu ƙwayoyi masu gadi da ke haɗiye bakteriya su narkar da ita da sinadarai, ɗaya shi ne laisozayim, irin wanda ke cikin hawayenmu, wanda masanin kimiyya Alexander Fleming ya gano a 1922. Amma akwai wata ƙwayar cuta mai suna Vibrio da ke iya tsira ta zauna a naman, lemun tsami da yaji ba sa kashe ta sai wuta, mai ciwon hanta ko suga ma kada ya kusanci ɗanyar ko da wasa. Ni da na san yadda ruwan Legas yake ban yi musu ba.

Gasasshiyar kuwa ta yi daɗi sosai, laushi kamar ɓargo, ga ɗan gishirin teku ga tafarnuwa da man shanu suna tafasa cikin ɓawon. Yajinsu dai bai kama ƙafar na mai tsire a Agege ba, kuma akwai tsada, faranti ɗaya ba ya ƙosar da mutum. Mun jira kusan minti 40 amma zan koma, da ƙullin yajina a jaka.