Tarago mai lamba 28 a Lisbon: ya burge ni, ya kuma ƙona min rai

Duk wanda ya ji za ka Lisbon, babban birnin Portugal, sai ya ce maka kada ka kuskura ka dawo ba ka hau 28 ba, wato taragon lantarkin nan da ke bin layin dogo a kan titunan garin. To, na hau. Layin da na tarar a dandalin Martim Moniz ma kaɗai ya isa ya sa mutum ya fasa, ga rana, ga taragon ɗan mitsitsi, kujerunsa ba su fi ashirin ba. Sauran jama'a tsayuwa suke yi, ni ma a tsaye na ƙare, hannu ɗaya a ƙarfen riƙewa, ɗaya a aljihu, don ko'ina ana gargaɗi a kan masu yankan aljihu.

Mun haura Graça lafiya lau, muka gangaro cikin lungunan Alfama, inda hanya ta matse har masu tafiya a ƙasa sai sun manne da ƙofofin gidaje kafin mu wuce. A nan wani bawan Allah ya ajiye motar kayansa, bayanta ya hau kan layin dogo, ya shige wani shago abinsa. Shi kuwa tarago ba shi da sitiyari balle ya kauce. Direba ya yi ta buga ƙararrawa, shiru. Ya sauka ya leƙa, ya dawo ya ci gaba da bugawa. Mu kuma muna cunkushe kamar buhunan gero a bayan akori-kura, babu na'urar sanyaya wuri, iskar taga ba ta kai wa na tsakiya. Wata tsohuwa 'yar unguwar, da jakar cefanenta, ta dinga faɗa da Fotugisanci. Ban ji me take cewa ba, amma na san da mu 'yan yawon buɗe ido take, kuma ban ga laifinta ba: wannan ita ce motar zuwa kasuwarta, mu muka cika mata ita. Kafin a ankara wani taragon ya zo ya tsaya a bayanmu. Da mai motar ya fito, wallahi ko haƙuri bai ba mu ba, hannu kawai ya ɗaga, ya kammala loda akwatunansa a tsanake sannan ya ja. A lokacin na riga na yanke cewa an cuce ni.

Sai ga Portas do Sol. Hanya ta buɗe, jajayen rufin gidaje sun gangara har bakin kogin Tejo, ruwa na ƙyalli. Muka zagaye tsohuwar majami'ar Sé, wadda aka fara ginawa a 1147, shekarar da Kiristoci suka karɓe garin daga hannun Musulmi. A Baixa mutane suka ragu, na samu kujera a gefen taga, daga nan ne na ji daɗin kuɗina. Hawan da ake yi zuwa Chiado abin kallo ne: ƙafafun ƙarfe na kuka, katakon jiki na ƙara, za ka rantse zai koma da baya, amma sai ya haye. Waɗannan taragu tun shekarun 1930 suke, an sake musu inji a shekarun 1990, kuma ba don ado kawai aka bar su ba. Dogayen nan na zamani da ke zuwa Belém a layi na 15 ba za su iya waɗannan kwanoni da tuddai ba.

Ina cikin jin daɗi muka wuce majalisar dokoki a São Bento da babbar majami'ar Estrela, sai ga ƙarshen hanya a ƙofar maƙabartar Prazeres. Kowa ya sauka. In kana son komawa, sai ka sake bin layi, in kuma a ciki kake biya, sai ka sake biyan sabon kuɗi. Nan haushina ya dawo sabo, don Alfama da na zo dominta, bayan kawunan mutane kawai na gani.

Wanda zai hau, ya sayi katin awa 24 a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya fara daga can ƙarshen hanya a Campo de Ourique, unguwar da maƙabartar take, da sassafe, ya sauko ta baya. Ko ba komai zai sauka a Martim Moniz, kusa da titin Benformoso da ke cike da gidajen abincin halal na 'yan Bangladesh. Da tsakar rana kuwa, ko kyauta aka ce in hau, a ƙafa zan tafi.