Ƙofar garejin gida: mai zamiya, mai ganye biyu, ko shata?

Yawancin masu gini a Kaduna sai an yi rufi, an yi filasta, aljihu ya yi sanyi, sannan ake tuna ƙofar gareji. Sai a kira mai walda a ce masa ya yi wadda za ta rufe kawai. Alhali ƙofar nan ita ce ƙarfe mafi nauyi da ke motsi a gidan, safe da yamma, ruwan Agusta na dukanta, ƙurar hunturu na toshe mata ƙafa, kuma ita ɓarawo ke fara dubawa in ya zo wucewa. Iri huɗu ake samu a gari: mai ganye biyu, shata mai naɗewa sama, ta ƙasar waje mai ɗagawa ta kwanta a ƙarƙashin silin, da mai zamiya a kan layin ƙarfe. Ta ƙarshen nan ita na fi ba mutane shawara, in dai ginin ya ba da fili.

Kafin maganar iri, ɗauki tef ka auna. Corolla faɗinta bai kai mita 1.8 ba, Hilux ta ɗan haura haka, ban da madubai. Bakin gareji na mota ɗaya kada ya gaza mita 2.7, in da hali a kai shi mita 3, domin ba kullum kai ne za ka shigar da motar ba, wata rana yaro ne da bai daɗe da koyon tuƙi ba, kuma da dare. Tsayi daga daɓe zuwa linta mita 2.2 zuwa 2.4. Ka kuma duba gefe: akwai bango miƙaƙƙe da ya kai faɗin ƙofar, babu taga, babu mitar wuta, babu bututun ruwa? Amsar wannan ita za ta raba gardama, domin jikin bangon nan mai zamiya ke bi in an buɗe ta.

Ta ƙasar waje mai ɗagawa kyau gare ta a hoto, amma ranar da sifirin ɗinta ya tsinke za ka zagaye gari kana neman irinsa, motarka na kulle a ciki. A bar ta.

Shata ta shago ce. Fallayenta sirara ne, galibi ba su kai milimita 1 ba, ƙarfen ɓanɓara ɗaya ya isa a ɗaga ta daga ƙasa, in hunturu ya cika hanyoyin gefenta da ƙura sai ta riƙa cijewa, ƙararta kuma da asuba sai ta tashi maƙwabta. Amfaninta ɗaya ne: ba ta cin fili a gefe ko a gaba. Wanda garejinsa ke matse tsakanin gini biyu a irin lungunan Tudun Wada ko Unguwar Sanusi yana da uzuri. Shi ma ya nemi mai kaurin milimita 1, ya bar wa naɗin kamar santimita 40 a sama, ya sa kwaɗo a ƙasa gefe biyu.

Mai ganye biyu ita aka fi sani, ita ce mai sauƙin kuɗi, kowane mai walda ya iya ta. Ciwonta a hinji yake. Ganye mai faɗin mita ɗaya da rabi duk nauyinsa yana rataye ne a gefe guda, shekara biyu ko uku sai bakinsa ya sunkuya ya fara sharar ƙasa, sakata ta daina shiga raminta, a koma ɗaga ƙofa da kafaɗa kafin a kulle. Guguwar farkon damina kuma in ta same ta a buɗe sai ta maka ta a jikin mota. In ta buɗe waje ta tare hanya, in ta buɗe ciki ta cinye mita ɗaya da rabi na garejin. In dole ita za ka yi, hinji uku a kowane ganye, a walda su a jikin ginshiƙin ƙarfe da aka binne cikin kankare, ba a soka rodi a cikin bulo ba, a kuma gitta ƙarfe daga kusurwar ƙasa ta wajen hinji zuwa kusurwar sama ta ɗaya gefen.

Mai zamiya kuwa nauyinta a ƙasa yake, a kan tayoyi, don haka babu maganar sunkuyawa. Iska ba ta kaɗa ta. Ba ta cin ko taku ɗaya na gaban gareji, za ka iya matso da mota har hancinta ya kusa taɓa ƙofar sannan a buɗe. Kuma ita ce ta fi karɓar injin buɗe ƙofa in daga baya ka samu hali. Sai dai aikinta na son mai walda da ya san abin da yake yi, kuma rabin ingancinta a ƙasa yake, inda ido bai cika zuwa ba.

Ga yadda ya kamata a yi ta ga baki mai mita 3. Ƙofar kanta ta kai mita 3.4 ko fiye, don ta haura bango a kowane gefe, kada a samu tsagar da za a zura ƙarfe. Firam na fayif mai kusurwa huɗu, inci 2, mai kaurin milimita 2, na ƙasa kuma ya fi haka girma tunda shi ke ɗauke da tayoyi. Fallen ƙarfe na milimita 1.5, mai ƙafa 4 da ƙafa 8, guda uku a tsaye sun rufe ta. Duka nauyin zai kama tsakanin kilo 160 zuwa 200. Layin da za ta bi a yi shi da ƙarfen angul mai kaurin milimita 5 a kife, ko rodi mai santsi na milimita 16 zuwa 20 a kan shimfiɗaɗɗen ƙarfe, tsawonsa ninki biyu na ƙofar. A haƙa masa rami mai zurfin santimita 25 zuwa 30, a zuba kankare na siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, a daidaita shi da tiyon ruwa tun kankaren na ɗanye. A yi mako guda ana ba shi ruwa kafin tayar mota ta taka shi. Gaggawar nan ta taka layi washegari ita ke lanƙwasa shi, daga nan ƙofa ta fara tsalle a daidai wurin har abada. Layin ya ɗan ɗara ƙasa tsayi, kada ya zauna a kwari inda ruwa da laka za su taru, daɓen garejin kuma ya gangara waje.

Tayoyi biyu sun isa, na ƙarfe masu kwarmi, faɗin inci 4, masu boris rufaffe ta gefe biyu, irin mai lamba 6204 ko 6205 da aka rubuta 2RS a jikinsa. Boris buɗaɗɗe hunturu ɗaya ke kashe shi. Kada a shafa giris a kan layin, yashi yake kamawa ya zama kamar magagari yana cin taya. Tsintsiya ita ce maganinsa.

Abu biyu ne ba a sasantawa a kansu. Na farko, ƙarfen da zai tsayar da ƙofa a ƙarshen layi, gaba da baya, a walda shi da kyau, tare da maƙalin sama mai ƙananan tayoyi da ke riƙe ƙofar a tsaye. Ƙofar da ta zarce layinta faɗuwa take yi a kwance, kilo 200, kuma yara ne suka fi tura ta da gudu. Na biyu, tazarar da ke tsakanin saman ƙofa da maƙalin nan ta gaza zurfin kwarmin taya. In ta fi shi, da jak na mota ko dogon ƙarfe za a ɗaga ƙofar daga kan layi a ture ta gefe, kwaɗonka na nan a kulle bai san abin da ake ciki ba. Masu walda da yawa ba sa kula da wannan sai ka faɗa.

A bar ramukan iska a saman ƙofar, masu gangara ƙasa don kada feshin ruwa ya shiga. Gareji a garin nan ba mota kaɗai ke kwana a ciki ba, akwai jarkar fetur, akwai janareto. Ramukan na sama don zafi ne, tururin fetur kam ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya. Janareto kam ko da ramuka ba a tayar da shi a cikin gareji, musamman mai ƙofa zuwa cikin gida, hayaƙinsa na ɗauke da guba marar wari da ke kisa a cikin barci.

Inji ba dole ba ne. In za ka sa, nemi mai aiki da batir na bolt 12 wanda wutar gida ke yi wa caji kawai, don in an ɗauke wuta ƙofa ta ci gaba da buɗewa. Centurion D5 na Afirka ta Kudu an yi shi ne don ƙofa har kilo 500, ya ishi irin wannan. A sa masa idon da ke tsayar da ƙofa in wani abu ya gitta, a yi masa kejin ƙarfe mai kwaɗo, ka kuma koyi yadda ake sakinsa a tura da hannu. Inji ba ya gyara karkataccen layi. Ƙofar da yaro ɗan shekara goma ba zai iya turawa da hannu ɗaya ba, injin ma wahala zai sha har ya ƙone.

Yanzu ga inda kuɗin mutane ke salwanta, ko wace iri ka zaɓa. A Panteka, kasuwar masu aikin ƙarfe ta Kaduna, akwai gwanayen da za su yi maka ƙofar da jikokinka za su gada, amma sana'ar ƙarfe ko'ina tana da masu cin amana, kuma fenti na rufa musu asiri. Babbar cuta ita ce ta kauri. Ka biya kuɗin milimita 1.5, a yi maka da 1.2 ko ma 1, in an shafe da fenti ido ba zai raba ba. Sikeli ne ke tona wannan. Falle mai ƙafa 4 da 8 na milimita 1.5 nauyinsa wajen kilo 35 ne, na 1.2 wajen kilo 28, na milimita 1 wajen kilo 23. Fayif inci 2 mai kaurin milimita 2 yana kusan kilo 3 a kowace mita, mai 1.2 bai kai kilo 2 ba. Je ka sayi ƙarfen da kanka, ko ka raka mai waldan, a ɗora a sikeli a gabanka, ka yi wa kowane falle alama da fenti a gefen da zai kalli ciki. Kada ka auna kauri a bakin falle, yanka na tayar da baki ya nuna ya fi yadda yake.

Sai walda. Ɗige-ɗige nan da can, a cike tsakani da hodar gyaran jikin mota, a goge, a fesa fenti, ta fito sumul. Damina biyu sai hodar ta tsage, ruwa ya shiga, tsatsa ta fara ci daga ciki. Sharaɗi tun farko: ba a fenti sai ka zo ka ga ƙofar tsirara. Duba kusurwoyi huɗu na firam, waldar ta zagaye su gaba ɗaya. Fallen kansa ana kama shi ne da gajerun walda kusa-kusa, kowane santimita 10 zuwa 15, don zafi kada ya kumbura shi. In an riga an fenta kafin ka zo, bi mahaɗan da maganaɗisu, inda ya ƙi kamawa sosai hoda ce a wurin. Auna ƙofar daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangare biyu, in awon bai zo ɗaya ba a karkace take. A huda ƙananan ramuka a ƙasan fayif na ƙasa don ruwan da ya shiga ya samu mafita, nan ne ƙofa ke fara ruɓewa. Kan fenti kuma, a kankare tsatsa, a goge maiƙo, a shafa jan fentin hana tsatsa sau biyu har ƙarƙashin ƙofar, ya bushe, sannan mai sheƙi. Wanda ya ce zai yi walda da safe ya kawo maka ƙofa da fenti da yamma, shafi ɗaya ya yi a kan datti.

Akwai kuma tsofaffin boris da ake wankewa da fetur a sa a sabuwar taya. Juya tayar kusa da kunnenka, sabuwa shiru take, tsohuwa tana ƙaraurawa kuma tana girgiɗi. Inji ma akwai jabu, kwali iri ɗaya, suna iri ɗaya. Sayi a wurin dillalin da zai ba ka rasit mai lambar injin da takardar garanti, ka gwada lambar kwali da ta jikin injin. Batir ɗin ciki ma a duba, ana musanya shi da wanda ya gaji.

Kwaɗo shi ne aka fi yi wa jabu a duk cikin kayan nan. Sunan Yale ko Abus a jikin kwaɗo ba shaida ba ne, bugawa ake yi. Na gaske yana da nauyi a hannu. In an ce jikinsa tagulla ne, maganaɗisu ba zai kama shi ba, in ya kama baƙin ƙarfe ne aka rina. Goga magagari a wuyansa: ƙarfe mai tauri zamewa magagarin zai yi, na bogi kuwa nan take zai yi zane. Mai shagon da ya hana ka gwadawa ya riga ya ba ka amsa. Gwada makullin wani kwaɗon irinsa da ke kan tebur, za ka sha mamakin yadda wasu ke buɗe juna. Ko na gasken ne ma, in wuyansa na waje almakashin ƙarfe zai same shi, don haka a walda masa akwati na ƙarfe mai kaurin milimita 4 ko 5, buɗe ta ƙasa kawai, daidai shigar hannu da makulli. In garejin na da ƙofar shiga gida, kulle babbar ƙofar ta ciki da sakata mai shiga ƙasa, waje ya zama babu abin da za a kama.

Kan biya, a rubuta komai a takarda kafin ka ba da kafin alƙalami: kaurin falle, girman fayif da kaurinsa, irin taya da lambar boris, tsawon layi, shafin fenti nawa, da wanda zai yi aikin kankare, domin nan ne mai walda da magini ke jefa wa juna laifi. Farashin ƙarfe na motsi, don haka a sa ranar da aka yi cinikin. Kuɗin kaya daban, kuɗin hannu daban, ka riƙe kashi ɗaya cikin uku na kuɗin hannun sai an kafa ƙofar, ka tura ta da hannu ɗaya daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ka sake ta a tsakiya ka ga ta tsaya cak ba ta gangara da kanta ba, sannan ka sa ƙarfe a ƙarƙashinta ka gwada ɗaga ta a gaban mai waldan.